BIKIN MAI GIDA DA BIKIN BAƘO: NAZARIN BUKUKUWAN TURAI DA HAWAN SALLA TA FUSKAR ƘASAR RUMA

1.0 GABATARWA

A watan Disamba na 2024 Hukumar UNESCO ta shigar da hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da aka ɗauka gadon 'yan Adam ne baki ɗaya. Shekara 8 kafin haka, watau a 2016, bikin kamun kifi na Argungu ya riga ya shiga wannan jeri. Wannan karramawa ta daɗa ƙarfafa wata magana da aka daɗe ana yi, cewa ya kamata a mayar da bukukuwan gargajiya hanyar jawo baƙi da samun kuɗi, kamar yadda biranen Turai suke yi da nasu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan magana. Da farko za a duba yadda bukukuwan Turai suke da abin da ya tsayar da su. Sa'an nan za a waiwayo ƙasar Hausa a ga inda aka yi kama da inda aka saɓa. Daga ƙarshe za a tsaya a ƙasar Ruma, watau yankin Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina. Dalilin zaɓen Ruma kuwa shi ne, galibin masu nazarin hawan salla daga ƙofar fada suke hangensa, alhali dokin da mahayin da hatsin da aka ciyar da su daga karkara suke fitowa.

2.0 MA'ANAR WASU KALMOMI

Bahaushe ya bambanta biki da kallo. Biki taro ne da yake da masu shi, da dalilinsa, da lokacinsa, kuma kowane mahalarci yana da abin da al'ada ta ɗora masa, ko gudummawa, ko kiɗa, ko hawa, ko girki. Shi ya sa kalmar ta haifi "ɗan biki", har ta zama sunan gudummawar da ake ramawa tsakanin mata. Kallo kuwa aikin wanda ya tsaya a gefe ne. Ɗan kallo ba a binsa bashin kome, in ya ga dama ya tsaya, in ya gaji ya tafi.

A wannan maƙala "baƙo" yana nufin matafiyin da ya bar garinsu don yawon buɗe ido, ya biya kuɗin mota da masauki da abinci saboda ya ga abin da babu a wurinsu. "Adon sarari" kuma yana nufin duk wani aikin fasaha da aka ajiye a inda kowa zai gan shi ba tare da ya biya ko ya nemi izini ba, kamar zanen bango, da ginin ƙofar gari, da sassaƙa a dandali.

3.0 BUKUKUWAN BIRANEN TURAI

3.1 Lokacinsu

Manyan bukukuwan Turai sun taru ne a watannin Yuni da Yuli da Agusta. A lokacin ne sanyi yake sakin ƙasar, yini ya yi tsawo, makarantu su rufe, ma'aikata su ɗauki hutun shekara. Saboda haka mai shirya biki ya san cewa akwai mutane masu sarari da ɗan abin kashewa a aljihu. Ranakun kuma tsayayyu ne bisa lissafin shekarar rana, har matafiyi yana iya kama masauki tun shekara guda kafin ranar. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin za a komo kansa.

3.2 Bikin gado

Misali mafi kusa da hawan salla shi ne sukuwar Paliyo ta birnin Siyena a Italiya, wadda ake yi sau biyu a shekara, ran 2 ga Yuli da ran 16 ga Agusta. Birnin ya kasu unguwa 17, kowace da tutarta da launinta da majami'arta. Unguwa 10 ne suke shiga kowace sukuwa. Ana hawan dawakin ba sirdi, a zagaye dandalin tsakiyar gari sau 3, abin da ba ya wuce minti ɗaya da rabi. Kafin a fita sai an kai kowane doki majami'ar unguwarsu an yi masa addu'a, kuma ko mahayi ya faɗi, in dokin ya riga sauran isa, unguwar ta ci. Ladan kuwa tuta ce ta siliki mai zane. Tun ƙarni na 17 ake yin sukuwar a wannan siga. Dubban baƙi suna zuwa kallo, amma da za a hana su zuwa, mutanen Siyena ba za su fasa ba, domin gasar tsakanin unguwanninsu take.

3.3 Bikin shiri

Akwai kuma bukukuwan da aka zauna aka tsara su da gangan. Na Salzbag a ƙasar Ostiriya an fara shi a 1920. Na Edinbara a Sukotland da na Abinyo a Faransa duka a 1947 aka fara su, shekara 2 bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutanen Turai suke neman abin da zai sake haɗa su. A shekarar farko ta bikin Edinbara, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo 8 da ba a gayyata ba suka zo suka yi wasanninsu a gefe. Wannan biki na gefe shi ne ya girma har ya shafe uwar, ta yadda a 2023 an sayar da tikiti sama da miliyan 2 a cikin mako 3, a birnin da mazaunansa ba su wuce kimanin rabin miliyan ba. Haka nan a 1985 aka ƙirƙiro al'adar zaɓen birnin da zai zama cibiyar al'adun Turai na shekara, aka fara da Atina ta ƙasar Girka.

3.4 Adon sarari

Birnin Banis na Italiya ya fara baje kolin zane-zane na duniya a 1895. Birnin Kasel na Jamus, wanda yaƙi ya rushe yawancinsa, ya fara nasa a 1955, kuma yanzu ana yinsa duk shekara 5 har kwana 100. Wani ɗan Nijeriya, Okwui Enwezor, ya shugabanci na Kasel a 2002 da na Banis a 2015. Birnin Munsta kuwa tun 1977 yake gayyatar masu fasaha duk shekara 10 su ajiye ayyukansu a tituna da lambuna, kowa ya gani kyauta.

Aikin da ya fi dacewa a ambata a nan shi ne na Joseph Beuys, wanda a bikin Kasel na 1982 ya fara dasa itatuwa 7,000 a cikin birnin, kowane da dogon dutse a gindinsa. Ba a gama ba sai 1987, bayan rasuwarsa. Baƙin da suka zo kallo sun daɗe da watsewa, amma mutanen garin har yanzu suna shan inuwa.

3.5 Illolin da suka biyo baya

Yawan baƙi ya zo da nasa ciwon kai. Masu gidaje sun gane cewa ba matafiyi hayar kwana kaɗan ya fi riba, sai kuɗin haya ya gagari 'yan gari. A 2024 Banis ta fara karɓar Yuro 5 daga mai shigowa yini guda a ranakun cunkoso. A watan Yuli na shekarar mutanen Barsalona suka yi zanga-zangar nuna gajiya da 'yan yawon buɗe ido. A 2025 majalisar Edinbara ta amince da ɗora harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin masauki. Ke nan su kansu waɗanda ake son a yi koyi da su suna neman hanyar da baƙo ba zai kori mai gida ba.

4.0 BUKUKUWAN ƘASAR HAUSA

4.1 Lissafi biyu

Bukukuwan Hausawa lissafi biyu suke bi. Na farko shi ne lissafin wata, wanda yake tsayar da ƙaramar salla da babbar salla, da tashe a cikin azumi, da cika-ciki, da sallar Gani ta Daura da takutaha ta Kano a watan Mauludi. Shekarar wata kwana 354 ce, saboda haka kowace shekara waɗannan bukukuwa suna matsowa da kamar kwana 11, sai sun yi wajen shekara 33 kafin su zagayo inda suka taso. Har ila yau ba a tabbatar da ranar salla sai an ga wata. Wannan ya sa matafiyin nesa ba ya iya tsayar da ranar tafiyarsa yadda mai zuwa Siyena yake yi.

Na biyu shi ne lissafin noma. Dambe da kokawa da kalankuwa da farauta da sharon Fulani da yawancin bukukuwan aure duk sai kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, ake shiga yinsu har cikin rani. Watannin da Bature yake hutu su ne tsakiyar damina a nan, lokacin noman farko da maimai, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya ce a kwaikwayi bikin Turai har da lokacinsa, ya kira manomi biki ranar da ba ya iya barin gona.

4.2 Daga hawan salla zuwa hawan daba

Hawan salla tsohon abu ne. A Kano ana danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). A zamanin da yana da aiki sananne. Ranar ce masu sarauta suke kawo dawakinsu da mayaƙansu gaban sarki, su yi jafi, su jaddada mubaya'a, shi kuma ya ga ƙarfin da yake da shi. 'Yan lifida da 'yan sulke da 'yan bindiga da ake gani yau a matsayin ado, rundunar yaƙi ce a jiya.

Kalmar "daba" kuwa baƙuwa ce. Asalinta daga Farisanci take, Turawan Ingila suka ɗauko ta daga Indiya, inda suke tara sarakuna don nuna biyayya ga sarautar Ingila. Da suka ci ƙasar Hausa sai suka ɗora wannan tsari a kan hawan da suka tarar. An yi daba a Kano a 1925 don Yariman Ingila, an yi a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, aka kuma yi wata babba a Kaduna a 1977 lokacin bikin Festak. Bambancin a fili yake. A hawan salla, sarki da jama'arsa suke ganawa a ranar idi. A hawan daba, sarakuna da yawa ake tarawa a filin da ba nasu ba, a ranar da hukuma ta zaɓa, don wani babban baƙo ya gani. Hawan Bariki na Katsina da Hawan Nasarawa na Kano, inda sarki yake zuwa gidan gwamnati, su ma ragowar wancan zamani ne da suka zauna suka zama al'ada.

Katsina ta daɗe da sanin yadda ake baje al'ada don idon baƙo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906–1944) ya je Ingila a 1921, ya sake komawa a 1924, shekarar da aka buɗe babban baje kolin daular Ingila a Wembili. A wurin an gina wa ƙasashen Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa irin ta biranen Hausa, aka kai masu sana'a suna aikinsu mutane suna kallo. Abin lura a nan shi ne, a Wembili an raba sana'ar da masu sayenta da garin da ya haife ta, ta zama abin kallo kurum.

4.3 Argungu

Bikin Argungu ya tsaya ne tsakanin nau'o'in nan biyu. Su da al'adun ruwa sun daɗe a wurin Kabawa, amma bikin da aka sani yau ana lissafa farkonsa daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, abin da ya tabbatar da sulhu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Daga baya gwamnati ta karɓe shi ta faɗaɗa shi. Ya fi hawan salla sauƙin tallatawa domin a cikin rani ake yinsa kuma hukuma ce take sa rana. Amma dogaro da hukuma ya nuna rauninsa, domin bayan na 2009 sai da aka yi shekara 10 ba a yi shi ba, sai a watan Maris na 2020.

4.4 Adon sarari na Hausawa

Hausawa ba su saba kafa gumaka a dandali ba, amma suna da adon sarari nasu. Akwai zanen da magina suke yi a fuskar zaure, da dagi, da zanko a kan soro, da bakan gizo a cikin ɗaki. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shaida ne. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, da Ƙofar Soro, da ƙofofin gari irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina wanda ya zama gidan tarihi. Bayan waɗannan akwai adon da yake tafiya da ƙafarsa, watau kayan doki da riguna da rawuna da laima, waɗanda suke fitowa ranar hawa, talaka da basarake su gani ba da ko kwabo ba.

5.0 ƘASAR RUMA

5.1 Ƙasar da tarihinta

Ƙasar Ruma tana yamma da birnin Katsina, ta yi iyaka da Zamfara, kuma dajin Rugu ya rufe ta daga yamma. Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, hakimin Safana kuma Yariman Katsina. Mazaunanta manoma ne da makiyaya, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa, Batsari kuma ta yi suna wajen rogo.

Bayan jihadi, da Ummarun Dallaje ya zama sarki a Katsina, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can suka riƙa kawo hari. Dajin da yake yammacin Katsina ya zama hanyar mahara, Ruma kuwa ta zama garin bakin daga, mai tsaron wannan kusurwa. A nan ne jarumin nan Ɗanwaire ya yi suna a ƙarshen ƙarni na 19. Saboda haka doki a ƙasar Ruma kayan tsaron rai ne tun kafin ya zama kayan ado.

5.2 Rabon karkara a hawan birni

Idan salla ta matso, hakimai sukan shigo Katsina da dagatansu da mahayansu da makaɗansu, kowa ya sauka a gidansa na birni, ranar hawa kuma kowace tawaga ta bi layinta bisa tsarin da aka gada. Ɗan kallo yana ganin tawagar na ɗan lokaci kaɗan ta wuce. Abin da ba ya gani shi ne hidimar shekara guda da take bayanta.

Doki yana cin dawa ko gero kullum, da harawa da ciyawa da kanwa, kuma sai da mai kula da shi. Sirdi aikin masassaƙi ne da baduku. Linzami da likkafa aikin maƙeri ne. Jalala da sauran kayan ado aikin maɗinka ne. Ga marina, ga masu bugu, ga masu kakaki da algaita da kalangu waɗanda suka gaji sana'ar. Duk wannan yana tsaye ne a kan abu ɗaya, watau rarar amfanin gona. In manomi ya noma abin da ya ishe shi har ya yi saura, sai a sami harawar doki, da kuɗin ɗinki, da kyautar maroƙi. In gona ta gagara, abin da ake fara sayarwa shi ne dabbar da take ci ba ta noma.

5.3 Shekarar 2019 da abin da ya biyo baya

Shekarun baya-bayan nan sun gwada wannan magana. 'Yan bindigar da suka yi sansani a dajin Rugu suka addabi ƙananan hukumomin da suke bakin dajin, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa, da satar shanu da garkuwa da mutane da kisa. A watan Mayu na 2019, cikin azumi, aka kashe manoma a ƙauyen 'Yargamji na ƙasar Batsari, mutanen garin suka ɗauko gawawwakin suka kawo su har fadar Katsina. Bayan haka masarautar ta ba da sanarwar cewa ba za a yi hawan ƙaramar sallar shekarar ba, aka ce a yi addu'o'i a maimakonsa. Masarautar Daura ita ma ta ɗage nata.

Wannan hukunci ya bayyana ma'anar hawan salla fiye da dogon sharhi. Da a ce wasa ne da ake yi don baƙi, da ba abin da zai hana a yi shi, tun da birnin kansa lafiya yake. An fasa ne domin hawan ganawa ce tsakanin sarki da jama'arsa, kuma ba a kaɗa tambari alhali wani ɓangare na jama'ar yana zaman makoki.

A 2020 annobar korona ta hana taruka a duniya, har Siyena ta fasa sukuwarta a 2020 da 2021. A watan Satumba na 2021 kuma, don a toshe wa 'yan bindiga hanya, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Batsari da Safana suna ciki, aka kuma hana cinikin dabbobi a kasuwanninsu na wani lokaci. Kasuwar ƙauye kuwa ita ce dandalin makaɗi da ɗan dambe da mai wasa da kura. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu suka koma Batsari da Katsina da wasu garuruwa. A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Safana da maƙwabtansu. Amma al'adar da aka yi shekaru ba a yi ba tana da wuyar tashi, domin yaron da ya girma a gudun hijira bai ga kalankuwa ba, bai kuma koyi ɗaura sirdi ba. Akwai wata hasara kuma da ta fi wannan zurfi. Sharo da dambe da cin kasuwa su ne wuraren da Bahaushe manomi da Bafillace makiyayi suke haɗuwa suna kallon wasan juna, rikicin kuwa wannan zumunci ya fi yi wa rauni.

6.0 ABIN DA NAZARIN YA NUNA

Na farko, baƙo yana bin biki ne, ba ya kafa shi. Paliyo ta yi ƙarnuka tana gudana kafin jirgin sama ya fara kawo 'yan kallo. Saboda haka kuɗin da za a kashe wajen talla ya fi amfani in an fara kashe shi a kan abin da yake riƙe da bikin, watau tsaron gona da hanya, da kiwon doki, da masu sana'ar da suke yi masa kaya.

Na biyu, ba a tilasta wa biki lokacin da ba nasa ba. Hawan salla yana tare da idi, in an raba su ya zama daba. In ana son biki mai tsayayyar rana wanda matafiyi zai iya shiryawa, to, bukukuwan kaka da rani su ne suka dace, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da manomi yake da sarari da abin hannu, hanyoyi kuma sun bushe.

Na uku, ya kamata a san ko wane ne baƙon. Mai zuwa Edinbara ko Abinyo galibi ɗan ƙasar ne ko maƙwabci. Haka nan baƙon farko na bikin ƙasar Ruma shi ne ɗan Batsari da yake aiki a Kaduna ko Legas, da Bakatsinen birni, da mutumin Maraɗi wanda harshe da tarihi suka haɗa shi da yankin. Wanda ya tsallako teku yana zuwa ne a bayan waɗannan.

Na huɗu, a tambayi inda ribar take tafiya. In masu masauki da masu motoci na birni suka kwashe abin da baƙi suka kawo, mai dokin da ya ciyar da shi wata 12 ya koma gida da gajiya kaɗai, to, an maimaita Wembili ne a gida. Abin da ya faru a Banis da Barsalona gargaɗi ne tun kafin a yi nisa.

Na biyar, adon sarari mafi amfani shi ne wanda mai gida zai ci gaba da mora bayan taro ya watse. A ƙasar da dajinta yake ƙarewa saboda sara da gawayi, dashen kuka da tsamiya da ɗorawa a dandalin gari da bakin kasuwa, da gyaran zaurukan hakimai da dagatai da hannun maginan gargajiya, sun fi kusa da bukatar jama'a bisa ga gumakan siminti a mahaɗar titi.

Na shida ya shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Yawancin abin da aka rubuta a kan hawan salla na manyan birane ne. Tsarin tawagar hakimi, da taken kowane basarake, da sunayen kayan doki, da wasannin kaka na ƙauyukan bakin Rugu, suna cikin kawunan dattawa ne, waɗansunsu kuwa suna zaune yanzu a unguwannin bayan gari na Katsina, kusa da jami'a. Ɗaukar bayanansu aiki ne da ɗalibi zai iya yi da ɗan abin da yake hannunsa, kuma aiki ne da ba ya jira.

7.0 KAMMALAWA

An ga cewa bukukuwan Turai iri biyu ne, na gado da na shiri, kuma dukansu sun dogara ne a kan zaman lafiya, da tsayayyen lokaci, da jama'ar da take da rara. An ga kuma cewa ƙasar Hausa tana da irinsu, sai dai lissafin lokacinta dabam ne, kuma tun zamanin Turawa ake jan hawan salla zuwa ga zama abin nuna wa baƙo. Ƙasar Ruma ta nuna cewa ƙawar da ake gani a Ƙofar Soro daga gonakin karkara take tasowa, har ma kisan da aka yi a ƙauyen Batsari ya isa ya tsayar da hawan birni. Shiga jerin UNESCO abin alfahari ne, amma takardar shaida ba ta ciyar da doki. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar da manomin Ruma ya noma gonarsa ta bakin daji ya kwashe amfaninta lafiya, ya ɗaura wa dokinsa sirdi ya bi hakiminsa zuwa birni, ranar ce za a iya gayyatar baƙo ba tare da jin kunya ba.